Tazarar samu tsakanin mai shi da maras shi a Yamai da Tawa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa a bakin ma'aikata, 'yan kasuwa, ɗalibai da iyayen yara a Yamai da jihar Tawa, a fada ko a wurin aiki, duk lokacin da hira ta biyo ta kan albashi da tsadar rayuwa. Kuɗin da aka ambata sefa ne. Inda aka ce jikka ana nufin 1,000, dala kuma 5, kamar yadda ake ƙirga a kasuwa.

1. Mene ne tazarar samu, kuma da me ta bambanta da talauci?

Talauci shi ne abin hannun mutum ya kasa ci da shi, ya tufatar da shi, ya kai shi likita. Tazara kuwa kwatance ce: nawa ke shiga hannun wannan, nawa ke shiga hannun wancan. Ƙauye na iya zama kowa talaka ne amma babu tazara sosai, birni kuma na iya samun arziki tazarar ta ƙara faɗi.

Abu uku ya kamata a raba. Akwai samu, wato abin da ke shigowa a rana ko a wata. Akwai dukiya, abin da aka tara ko aka gada: gona, fili, gida, bisashe, jari. Na ukun shi ne tabbas, kuma shi aka fi mantawa. Ma'aikaci mai karɓar jikka 90 kowane ƙarshen wata da ɗan kabu-kabu da ke haɗa jikka 90 ɗin a wata ba matsayinsu ɗaya ba. Na farko mai kanti zai buɗe masa littafin bashi, banki zai ba shi rance, mai gidan haya zai yi masa haƙuri. Na biyu in zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, ko aka kama babur ɗin, tukunya ta tsaya. Mai tabbas yana iya jira, maras shi ba ya iyawa, kuma yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke komawa.

2. Yaya ake auna ta, me alƙaluman Nijar suka nuna?

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, takan bi gidaje dubbai tana rubuta abin da suka ci da abin da suka kashe, har da hatsin da suka noma da kansu. Binciken 2018/2019 ya sa layin talauci a kan sefa 181,782 ga mutum ɗaya a shekara, kusan dala 100 ke nan a yini. Kashi 40.8 cikin 100 na 'yan ƙasa suna ƙarƙashin wannan layi: kusan kashi 47 a karkara, kusan kashi 12 a birane.

Ita tazarar da ma'aunin Gini ake auna ta, daga 0 (kowa daidai) zuwa 100 (mutum ɗaya ya kwashe duka). Na Nijar ya kai wajen 37 a 2018, ya sauko wajen 33 a 2021. Na Afirka ta Kudu, inda mulkin wariyar launin fata ya ƙare a 1994 amma rabon dukiyar da ya bari bai ƙare ba, ya kai wajen 63 a 2014.

3. To in haka ne tazarar ba ta da yawa ke nan? Ai ido na ganin akasin haka.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wanda ya bi ta unguwannin masu hali na Yamai, Kwara Kano ko Filato, ya gangara na talakawa, Talaje ko Peyiba, ya san akwai abin da lambar ba ta kama ba, kuma dalilan a fili suke. Binciken abin da aka kashe yake ƙirgawa, ba abin da aka mallaka ba. Attajiri komai arzikinsa ba zai ci buhu goma shi kaɗai ba, filayensa da tirelolinsa kuwa ba sa cikin lissafin. Manyan masu kuɗi ba su da yawa, da wuya bincike ya faɗa gidansu, in ma ya faɗa ba kasafai ake buɗe ƙofa ba. Sannan idan mafi yawan jama'a sun yi kusa da juna a cikin rashi, lambar takan fito ƙarama. Ƙaramin Gini a ƙasa irin tamu ba shaidar wadata ba ne.

4. Nawa ne mafi ƙarancin albashi, kuma yana isa?

Daga 2012 yana kan sefa 30,047, aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga watan Janairun 2024, a kan aikin awa 40 a mako. A auna shi da layin talaucin tambaya ta 2: sefa 181,782 a shekara kusan 15,150 ne a wata ga mutum ɗaya. Jikka 42 ba ta riƙe mutum uku a kan layin ba ke nan, alhali farashin ma na 2018 ne. Gida mai mutum bakwai yana bukatar wajen jikka 106 a wata kafin a ce ya tsallake.

Babbar matsalar ma ba adadin ba ce. Dokar tana aiki ne inda akwai takarda. Mafi yawan masu aiki a ƙasar noma, kiwo da sana'ar kai suke yi, 'yan aikin gida da masu gadi da yaran shago kuma da baki ake ɗaukarsu, da yawa ba sa ganin ko rabin wannan kuɗi. Matakan neman haƙƙi suna tambaya ta 15.

5. Su wane ne a sama, su wane ne a ƙasa?

Tsarin da aka gada a ƙasar Hausa ya san sarakuna, malamai, attajirai da talakawa, da bayi a ƙarƙashinsu. Zuwan Nasara ya ƙara wani rukuni, 'yan boko masu cin albashi. Tun shekarun 1950 jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta gina siyasarta a kan talakawa da ƙananan ma'aikata, don haka maganar ba sabuwa ba ce.

Yau a Yamai, can sama akwai manyan alhazai masu shigo da shinkafa, mai da kayan gini ko masu kwangilar gwamnati, da manyan jami'ai. Sai ma'aikatan bankuna, kamfanonin waya, man fetur da ma'adinai, da na ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, waɗanda ake kira 'yan froje. Sai ma'aikatan gwamnati masu lamba da 'yan kasuwa masu shago. Sai 'yan kontiragi, teloli, makanikai, magina da direbobi. A ƙasa akwai 'yan ga-ruwa, 'yan dako na Katako da Wadata, masu gadi, 'yan aikin gida, a karkara kuma 'yan barema da ke barin gonarsu su yi wa wani noma don abincin yini.

Rukunin tsakiya siriri ne, kuma bai kai ƙarfin da ake zato ba. Albashi ɗaya yakan ɗauki matar gida da yara, ƙanne masu karatu, baƙin da suka zo jinya daga ƙauye, da buhun hatsin da ake aika wa tsofaffi. Rashin lafiya ɗaya mai tsawo ya isa ya mai da irin wannan gida baya shekara biyar. Kuɗi da daraja kuma ba kullum suke tafiya tare ba (duba tambaya ta 12).

6. Me ya sa mutum biyu ke aiki iri ɗaya amma albashinsu ya sha bamban?

Saboda matsayin da aka ɗauke su a kai, ba aikin ba. Ma'aikacin gwamnati mai lamba yana cikin rukunin A, B, C ko D gwargwadon diflom ɗin da ya shiga da shi. Kowane rukuni yana da maki, makin ake ninkawa da wani tsayayyen adadi a sami gundarin albashi, kuma yana ƙaruwa da shekarun aiki. A kan wannan ake ɗora alawus na muƙami, gida da sauransu, kuma a nan ne ma'aikatu ke rabuwa: wasu sassan suna da dokar aiki ta kansu da alawus masu kauri, wasu sai gundarin kawai.

Ɗan kontiragi kuwa, tsarin da ya bazu a makarantu tun ƙarshen shekarun 1990, kuɗin wata tsayayye yake karɓa, babu hawan mataki irin na mai lamba. Za ka tarar da malamai biyu a lakwal ɗaya, aji na jikin aji, ɗaya yana jiran fansho daga CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, ɗaya yana jiran a tuna da shi a ba shi lamba. Direban froje na iya fin su duka biyun albashi, amma ranar da frojen ta rufe shi ke nan.

7. Me ya sa ake cewa talaka ya fi mai kuɗi sayen kaya da tsada?

Don gaskiya ne, kuma lissafinsa a buɗe yake. A ɗauki ruwa. Mita kub ɗaya lita 1,000 ce, bido 40 ke nan masu cin lita 25. Idan ɗan ga-ruwa na kawo bido ɗaya a kan dala biyar, mita kub ɗin ta tashi jikka ɗaya. Lokacin zafi ko a unguwa mai nisa ya ninka. Mai famfo a gida, a matakin farko na farashi, abin da yake biya bai kai rubu'in wannan ba. Ba laifin ɗan ga-ruwa ba ne, ƙarfinsa yake sayarwa. Abin da ya raba su shi ne kuɗin jan famfo da takardar fili, waɗanda mai haya a ɗaki ɗaya ba shi da su.

Haka abin yake ga shinkafa, mai, sukari da gawayi: mai albashi ya sayi buhu, mai neman na yini ya sayi awo da ƙulli, kowane ƙulli da ribar mai tebur a ciki. Haka ga bashi. A yankin sefa, iyakar ruwan da aka tsaida a 2014 ita ce kashi 15 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun bashi. Wanda ba shi da abin jingina sai ya je wurin mai ba da jikka 10 a karɓi 11 a ƙarshen wata. Kashi 10 a wata ke nan, kashi 120 a shekara. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

8. Manoman albasa na Galmi da Madawa suna fitar da kaya har Gana da Kodibuwa. Me ya sa da yawansu ba su yi arziki ba?

Saboda ribar albasa ba a gona take ba, a ajiya take. Yawancin manoma suna cire ta lokaci ɗaya, wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Bayan 'yan watanni buhun da aka sayar da arha yakan ninka sau biyu, sau uku ko fiye. Wanda ya ci bashin iri, taki da man injin ban-ruwa ba shi da zaɓi: mai bashi na tsaye, dole ya sayar a ranar. Wanda ke da hali shi ke zuba ta cikin rudu ya jira. Ajiyar ma da asararta, don albasar da aka cika wa takin zamani ko aka shayar daf da cirewa ba ta jure zama, takan ruɓe da yawa. Ana tsai da ban-ruwa kafin cirewa, a bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe, a tsince masu rauni kafin a zuba, a riƙa dubawa ana fitar da ruɓaɓɓu. Ga kuma batun buhu: ana saye da buhu mai hula, ba da kilo ba, hular kuwa riba ce ga mai saye da dillali.

Hatsi ma haka. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. A ce manomi ya sayar da tiya a kan 500 da kaka don biyan bashi da hidimar aure, ya dawo ya saye ta 900 a tsakiyar damina. A buhu ɗaya ya yi asarar jikka 16, hatsinsa ne kuma. In kuɗin ba su samu ba sai ya tafi barema, gonarsa ta yi ciyawa, amfanin baɗi ya ragu. Maganin da aka gwada shi ne jinginar amfanin gona: ƙungiyar manoma ta tara buhuna a mangaza mai kwaɗo biyu, ɗaya a hannunta ɗaya a hannun asusun bashi, a ba manoma rancen wani kaso na darajar kayan, a buɗe bayan wata biyar ko shida. Yana aiki idan mangazar ba ta yoyo, an kare kayan daga ƙwari, kuma rancen ya fito da wuri. In ya makara har manomi ya riga ya sayar, ko farashi ya ƙi tashi a shekarar, ruwan bashin ya cinye ribar.

9. Shin karatu har yanzu yana fitar da ɗan talaka?

Yana fitarwa, amma hanyar tana da mashigai, kuma a kowanne kuɗi ake tambaya ko da an ce makaranta kyauta ce. Na farko shi ne shiga kwaleji. Yaron ƙauye sau da yawa sai ya bar gida ya zauna wurin mai masauki a babban gari, in babu mai riƙo ko abinci ya gagara, karatun ya tsaya a nan. Ga 'ya mace abin ya fi tsanani. Na biyu jarrabawar BEPC ta gama kwaleji da BAC ta shiga jami'a, inda ɗan makarantar kuɗi, mai malamin gida, mai jin Faransanci tun a tsakar gida, ke zaune jarrabawa ɗaya da wanda ya yi shekara a ajin zana da ba a buɗe shi sai an gama girbi. An ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, amma takardun ofis da jarrabawar ɗaukar aiki yawanci da Faransanci ake yin su.

Mashigi na uku shi aka fi rainawa: bayan diflom. Mai digiri daga jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani a Tawa yakan yi bautar ƙasa, ya yi koyon aiki ba biya, ya jira a buɗe konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki. Wanda gidansu ke ci da shi zai iya jiran shekara uku ko huɗu har ya dace. Wanda ake jiran ya kawo cefane zai karɓi kontiragi ko ya hau babur tun shekarar farko. Ga iyalin da ba za su iya wannan dogon jira ba, cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke cikin kwaminoni, inda ake koyon walda, lantarki, ɗinki da gyaran injin, sun fi saurin kawo kuɗi, muddin an tanadi kuɗin kayan aiki na ranar gamawa. Yaro da takardar shaida ba injin walda, yaron shagon wani zai koma.

10. Me ya sa samun mata ya yi ƙasa da na maza?

A aikin gwamnati maki ɗaya albashi ɗaya ne, dokar aiki ta 2012 kuma ta hana bambanci tare da ba da hutun haihuwa na mako 14. Tazarar tun kafin a kai ga albashi take faruwa. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Yarinyar da aka cire daga aji huɗu ba za ta taɓa shiga rukunin A ba. Akwai dokar 2017 mai kare karatun 'ya mace har shekara 16, amma aiwatar da ita ya dogara ga iyaye da kusancin makaranta. Sai haihuwa: matsakaicin 'ya'ya ga mace ɗaya 7.6 ne a 2012, 6.2 a 2021. Awannin daka, ɗiban ruwa, itace da reno ba a biyansu, kuma su ne awannin da namiji ke neman kuɗi a ciki.

Sana'o'in da suka rage mata, ƙosai, fura, ƙuli-ƙuli, kitso, jarinsu kaɗan ne, masu yi suna da yawa, ribar kuma cikin tukunya da biki take ƙarewa. Abin da ya fi taimakawa a aikace shi ne adashi da asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991: mata su riƙa zubi duk mako, su ranta wa juna, su raba a ƙarshen zagaye. Yakan lalace idan akwati da makullansa suna hannun mutum ɗaya, ko ana ba da rance ba a gaban kowa ba. A siyasa kuma dokar kaso ta 2000 ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 na kujerun zaɓe da 25 na naɗi, aka ɗaga zuwa 25 da 30 a 2019.

11. Mace tana da gadon gona? Yaya za ta tabbatar da nata?

Tana da shi a shari'a. Misali mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata biyu, iyayensa sun riga shi, dukiyar bayan biyan bashi da wasiyya ta kai 4,800,000. Matar ta ɗauki tumuni, 600,000. Sauran 4,200,000 a kasa shida: kowane namiji 1,400,000, kowace mace 700,000. Gona na cikin abin da ake rabawa. Abin da ke faruwa a wurare da yawa shi ne a ce gona ba ta rabuwa, 'yan'uwa maza su riƙe, a sallami mace da ɗan kuɗi ko alkawari. Gamana, wato 'yar gonar da miji ya ba ta, kuwa aro ce, saki ko rasuwa na iya raba ta da ita.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye tun daga ƙauye (COFOB) zuwa kwamin da gunduma. Ranar rabo a kira shaidu da maƙwabtan gona, a zagaya iyaka, a sa alama, a karɓi takardar shaidar gado ko kyauta ko saye da sunan macen kanta, a kai kwafi hukumar kwamin. Wadda ta bar gonarta a hannun ɗan'uwa ta rubuta cewa aro ne ko haya. Shekara goma ba takarda, 'ya'yansa za su tashi suna cewa ta ubansu ce.

12. Ƙabila ko launin fata na da hannu a ciki?

A nan asali ya fi launi nauyi. Kowace ƙabila tana da attajiranta da matalautanta. Tarihi dai ya bar sawu: tun da Faransawa suka mai da babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, makarantu da ofisoshi suka fi taruwa a yamma, yankunan Hausa suka fi ƙarfi a fatauci, makiyaya kuma suka fi kowa nisa da aji. Wannan bambancin wuri ne da nisan makaranta, kuma yana raguwa.

Wanda ya fi wuyar gogewa shi ne na cikin ƙabila. A Hausa akwai sana'o'in gado: maƙera, mahauta, wanzamai, majema, maroƙa. A wajen Abzinawa akwai imajeghen a sama, inadan maƙera, da iklan, zuriyar bayi. Zabarmawa da Fulani su ma suna da irin wannan rabo. Mahauci na iya fin basarake kuɗi nesa ba kusa ba, amma ranar neman aure a ce a binciki asali. Illar ga aljihu a fili take a inda zuriyar bayi ke noma gonar da ba su da ikon sayarwa ko gadar da ita, ko ba su da rijiya da sunansu: ba su da abin jingina, ba sa shuka itace, ba sa zuba jari a ƙasar da za a iya karɓewa gobe.

13. Bauta ba ta ƙare ba? Me doka ta ce game da wahaya?

Dokar 2003 ta mai da bautar da mutum babban laifi, ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, da aka kafa a 1991, ita ta fi daɗewa tana bin wannan batu. Shari'ar da ta fi shahara daga jihar Tawa ta fito: Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana shekara 12 a yankin Ƙonni a kan sefa 240,000. A watan Oktoban 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ce ƙasa ta kasa kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10. Wahaya ita ce macen da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, ba ɗaurin aure ba sadaki, tana aikin gida da gona. Ba aure ba ne a doka. Wadda ke cikin wannan hali, ko danginta, suna iya kai ƙara jandarmari ko wurin mai gabatar da ƙara. Abin da ya fi mai da mutane gidan jiya shi ne fita ba gona, ba sana'a, ba takardar haihuwa, don haka a nemi waɗannan tare da ƙarar.

14. Tafiya bida tana rage tazarar ko ƙara ta take?

Duka biyu. A Adar, cikin jihar Tawa, kusan babu gidan da ba shi da wani a Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya, kuma kuɗin da ke shigowa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana su ke sayen hatsin bazara. Amma tafiya mai nisa jari take so. Gidan da ke da saniyar sayarwa ko ɗan'uwa da ya riga ya zauna can shi ke tura yaro inda kuɗi ke da kauri; maras shi iyakarsa Ƙonni ko Yamai, tallan shayi ko turin kura. Wanda ya jinginar da gona ya tafi, aka kuma koro shi daga Aljeriya ta Assamaka hannu wofi, ya rasa biyu. Masu aiki a Najeriya sun ga wata asarar tun faɗuwar naira a 2023: aiki ɗaya, amma abin da ke isowa gida in an canza ya ragu sosai. Gidajen da suka ci ribar bida su ne waɗanda suka mai da kuɗin rijiyar lambu, injin ban-ruwa ko bisashe, wato abin da zai ba su damar jira irin ta tambaya ta 8.

15. Ina aiki amma ba ni da takarda, kuma ban san ko ana zuba mini kuɗin kes ba. Me zan yi?

Fara da tara shaida tun kuna shiri da mai aikin, ba sai an ɓata ba. Ka riƙe littafi: ranar da ka fara, awannin aiki, abin da aka ba ka kowane wata. In ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi ake biyanka, kada ka goge saƙonnin. Ka nemi kwangila a rubuce da takardar albashi ta kowane wata. A kanta za ka ga manyan abubuwa biyu da ake cirewa. Na farko kason CNSS, wato kes, asusun fansho na ma'aikata, kashi 5.25 daga wurinka, mai aikin kuma ya ƙara sama da kashi 16 daga aljihunsa; a albashin jikka 100, naka 5,250 ne. Na biyu harajin albashi, mai hawa mataki-mataki daga kashi 1 zuwa 35. A kan jikka 120 da haraji ya hau: 25 ta farko 250, ta biyu 500, hamsin da ke biye 3,000, ashirin ta ƙarshe 2,600, jimla 6,350, kafin rangwamen iyali. Harajin kaya na kashi 19 kuwa ba ya tambayar albashin kowa.

Ka je ofishin CNSS da katin shaidarka ka tambayi lambarka da watannin da aka zuba. Abu biyu ake yawan tararwa: an cire kuɗin ba a kai ba, ko an rubuta albashin da bai kai na gaskiya ba, wanda zai rage fanshonka. In magana ta ƙi, sai ofishin sufeton aiki na jiha, akwai a Yamai akwai a Tawa. Zai kira ku sulhu. In an daidaita a rubuta a sa hannu, in ba a daidaita ba ya ba da takardar rashin sulhu, da ita ake zuwa kotun ma'aikata. Kada ka sa hannu a takardar sallama da ke cewa an biya ka duka sai wani da ka yarda da shi ya karanta maka ita, kuma kada ka bar maganar ta kwana shekaru, don bin bashin albashi yana da wa'adi a doka. In akwai sandika a wurin aikin, ka tafi da wakilinta.